ALLURAR RIGAKAFI DA DOKAR KULLE: INA MATSAYINMU, MU MAZAUNA KURMI?

A nan ƙasa mun buga jawabin da wani dattijo, tsohon malamin kiwon lafiya, ya yi a gaban taron sarakunan zango da shugabannin kasuwanni na 'yan Arewa mazauna Ikko da kewayenta. Mun buga shi yadda ya faɗa, sai ɗan abin da muka rage saboda ƙarancin fili.

Ranku ya daɗe sarakunan Hausawa, Allah ya gafarta malamai, shugabannin kara da na 'yan goro da na 'yan gwari, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da sauran 'yan'uwa baki ɗaya, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci.

An roƙe ni in yi magana a kan allurar rigakafi da dokokin da hukuma takan kafa in annoba ta faɗo, domin har yau gardamar ba ta mutu a majalisunmu ba. Ban zo da nufin kunyata kowa ba. Na san a cikin wannan rumfa akwai wanda bai taɓa bari an ɗiga wa ɗansa maganin shan-inna ba, akwai kuma wanda ya sha kulki a hannun jami'an tsaro a shekarar 2020 don ya fito neman abin da zai kai gida. Dukansu suna da hujja, kuma zan bi hujjar tasu in auna ta a gabanku gwargwadon sanina.

Da farko ina so duk wanda ya haura shekara sittin ya tuna da tabon nan da ke damtsensa. A zamaninmu ba allura muke ce mata ba, lamba muke cewa. Ina yaro aka tara mu a ƙofar gidan dagaci, aka zo da wata na'ura da ake takawa da ƙafa, muna ce mata bindiga, aka bi mu ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne babban yaƙin da aka fara a 1967 a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya don kawar da agana. Samarin yau ba su san agana ba, sai dai su ga tsoho da zanzana a fuska, ko makahon da aka ce tun yana ƙarami ciwon ya cinye masa idanu. A cikin mutum goma da ta kama takan kashe har uku. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. A 1977 aka ga na ƙarshe da ya ɗauke ta daga wani a duniya, wani mai dafa abinci a asibitin garin Marka ta Somaliya. Ran 8 ga watan Mayu 1980 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shelar cewa cutar ta ƙare a bayan ƙasa.

Akwai abu biyu a labarin agana da ba a cika faɗa mana ba. Na ɗaya, dabarar shigar wa mai lafiya ɗan kaɗan daga cikin ciwo don jikinsa ya koyi yaƙi da shi, mutanen Afirka sun san ta tun kafin likitan nan na Ingila, Edward Jenner, ya gwada tasa a 1796. A birnin Boston na Amurka, tun kafin annobar 1721, wani bawa da aka kamo daga Afirka, wanda suka laƙaba wa suna Onesimus, shi ya bayyana wa ubangidansa yadda ake tsaga fata a ƙasarsu a shafa ruwan ƙurjin. Da aka gwada, cikin waɗanda aka yi wa tsagar kimanin biyu cikin ɗari suka mutu, alhali cikin waɗanda ciwon ya kama haka kawai kimanin goma sha huɗu cikin ɗari suka mutu. Saboda haka mai cewa rigakafi baƙon abu ne da Nasara ya kawo mana, bai bi tarihin kakanninsa ba.

Na biyu, dabarar da ta ƙarasa agana a nan ƙasarmu aka gano ta. A watan Disamba 1966 cutar ta ɓulla a ƙasar Ogoja, ga shi maganin da ke hannu bai isa kowa ba. Wani likita Ba'amurke, William Foege, da abokan aikinsa suka yi shawara: maimakon su bi gari gari suna yi wa kowa, sai su nemi inda masu ciwon suke, su yi wa mutanen gidan lamba, da maƙwabta, da ƙauyuka da kasuwannin da danginsu suka saba zuwa. Watau suka yi wa wutar ƙuri, yadda manomi yakan share gefen gonarsa kafin gobarar daji ta iso. Cutar ta mutu a yankin tun ba a yi wa ko rabin mutanen ba. Ku riƙe wannan, zan komo kansa in mun zo maganar kulle.

Yanzu bari in juya wajen mutanen kara, gama su za su fi kowa saurin fahimtar abin da likitoci ke kira garkuwar garke. Kalmar ma daga likitocin dabbobi aka aro ta. Dattawanku sun san bushiya. A 1962 aka fara gagarumin aikin yi wa shanu allura a ƙasashe huɗu na kewayen tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, daga baya aikin ya bazu zuwa sauran ƙasashe. Duk saniyar da aka yi wa akan huda mata kunne. Bushiya ta yi ƙasa har mutane suka manta da ita. To, da aikin ya ƙare, gwamnatoci suka yi sake da yi wa 'yan maruƙa. Kowace shekara ana haihuwar sababbi, tsofaffin masu hujin kunne kuwa ana kawo muku su nan kurmi ana yankawa. Cikin 'yan shekaru garke ya koma danye. A farkon shekarun 1980 cutar ta dawo, a 1983 ta yi wa makiyayan Nijeriya ɓarnar da har yau ana ba da labarinta, wasu Fulani suka wayi gari ba su da ko ƙofato. Sai da aka sake ɗaura ɗamara daga farko, kana a 2011 aka ba da shelar ƙarewarta.

Lissafin abin ba wuya gare shi ba. A ce kowane mai ciwo yakan shafa wa mutum huɗu. In uku daga cikin huɗun nan suna da garkuwa, mutum ɗaya kaɗai zai kamu, cutar ba za ta ƙaru ba. In an ɗara haka kaɗan sai ta riƙa raguwa har ta mutu. Gwargwadon saurin yaɗuwar cuta, gwargwadon yawan mutanen da ake bukata. Ƙyanda ita ce uwar sauri: yaro ɗaya yana iya shafa wa goma sha biyu har zuwa goma sha takwas, shi ya sa ake bukatar kashi 95 cikin ɗari. Shan-inna kuwa kimanin kashi 80 ake nema. Amfanin wannan garkuwa yana komawa ga waɗanda ba su iya kare kansu ba, kamar jaririn da bai kai watannin allurar ƙyanda ba, da yaron da tamowa ta raunana, da mai ciwon daji da ke shan magani mai karya ƙarfin jiki. Su maƙwabta ne katangarsu. Mutumin da ke cewa ɗansa nasa ne, ba ruwan kowa da shi, gaskiya ya faɗa a kan suna da gado da tarbiyya. Amma ƙwayar ƙyanda ba ta tambayar ɗan wane ne wannan kafin ta tsallaka zana.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari kaɗai na yaran Nijeriya suka sami cikakkun alluran farko. A Jihar Anambra kashi 76 ne, a Jihar Sakkwato kashi 5. Wani zai ce, to ai mu a kurmi muke, garkuwar mutanen nan za ta rufe mu. Ba haka abin yake ba. Cuta ba ta duba lissafin jiha, wanda kake kwana da shi da wanda kuke sahu ɗaya take dubawa. Yaron Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun da yaran zango yake wasa, da su yake zuwa makarantar allo, sa'an nan da Sallah a ɗora shi a mota zuwa Kano ko Gusau ya yi wata guda ya komo. Zango garke ne mai zaman kansa a tsakiyar babban garke. In namu danye ne, ko da duk birnin ya yi allura, wutar za ta sami ciyawa a wurinmu. Ku tuna mashaƙo da ya tashi a ƙarshen 2022: a Kano da Ikko aka fara ba da rahotonsa, ya kama dubbai, ya kashe ɗaruruwa, akasarinsu yara, kuma mafi yawansu ba su sami cikakkiyar allura ba. Alhali kuwa maganin mashaƙo yana cikin allurar nan da ake yi wa jariri a cinya tun yana da mako shida.

To, me ya sa mutanenmu suke gudu? Wanda ya ce jahilci ne kawai, bai yi adalci ba. A 1996 sanƙarau ya faɗa wa Arewa, ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar a ɓangaren sabon, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya tsaya a kan cewa bai yi laifi ba, sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a a nan da Amurka har 2009, inda aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Lalle Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba ne, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Wanda ya ɗauki gawar ɗansa daga wannan asibiti ba ka da bakin ce masa ya cika zargi.

Haka nan akwai tambayar da aka sha yi mini a ƙofar gidaje sa'ad da nake aiki, wadda ban taɓa jin daɗin amsa ta ba. Maigida yakan ce: zazzaɓi na kashe mana yara, mun je asibiti an ce babu magani sai mu saya, rijiyarmu ta ƙafe ba wanda ya leƙo, amma ga ku kowane wata kun biyo mu har ɗaka da maganin ciwon da ba mu kai ƙara ba, kuma kyauta, me ke ciki? Amsar gaskiya ita ce, shan-inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, saboda haka ana iya kawar da ita daga duniya kamar agana, kuma ƙasashen da suka rabu da ita suna zuba kuɗi don kada ta koma musu. Ba don sun fi mu son 'ya'yanmu ba ne. Amfaninsu ne ya gamu da namu. Rashin magani a asibiti kuwa laifin hukumominmu ne, kuma ya kamata mu tsare su a kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya rama wa gwamnati ta hanyar hana ɗansa abin da zai tsare masa ƙafa.

Mun riga mun gwada ƙin, mun kuma ga abin da ya haifar. A 2003 aka yaɗa cewa an sa wa maganin shan-inna abin hana haihuwa, wasu manya masu ilimi suka goyi bayan zancen, jihohi da dama suka dakatar da aikin. Kano ce ta fi daɗewa, ba ta komo ba sai ƙarshen watan Yuli 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A cikin wannan tsakani ƙwayar ta fita daga Nijeriya ta shiga ƙasashe wajen 20 waɗanda da sun rabu da ita. Ta bi hanyar da mahajjatanmu na ƙasa suka saba bi: Cadi, Sudan, ta haye Bahar Maliya zuwa Saudiyya da Yaman, a 2005 ta isa har Indunusiya ɗin. A 2006 yara fiye da 1,000 suka shanye a Nijeriya. A 2012 fiye da rabin masu shan-inna na duniya duka 'yan ƙasarmu ne. A watan Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, akasarinsu mata masu neman abin cefane. Kuma ga Kano nan, shekara ashirin bayan an ci gaba da ɗiga maganin, wa zai tsaya a Kurna ko Rijiyar Lemo ya ce haihuwa ta ragu?

Abin da ya juya al'amarin kuwa sarakuna ne da malamai. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya fito a bainar jama'a ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa kan sarakunan Arewa a kan aikin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba. A 2016 aka ga ta ƙarshe a Jihar Borno, ran 25 ga watan Agusta 2020 kuma aka ba da shelar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Wani zai tambaya, to don me har yanzu ake bin gidaje? Ba zan ɓoye muku ba. Maganin ɗigawa ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Inda akasarin yara suka sha, takan mutu a nan. Inda kaɗan suka sha, tana iya yawo daga cikin wannan yaro zuwa wancan ta hanyar ƙazanta wata da watanni har ta sake yin ƙarfi. Irin wannan ta shanye ɗaruruwan yara a Nijeriya a 2021. Waɗanda ba su sha ba take kamawa, kuma abin da ke kashe ta shi ne a cike gurbin.

Sai maganar Korona, wadda ita ce ta fi ƙona mana rai. Ran 27 ga watan Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Ikko, wani ɗan Italiya. A lokacin duniya ta rabu biyu. Wasu masana suka ce a bar cutar ta bi matasa masu ƙarfi har garkuwar garke ta samu da kanta, a killace tsofaffi da marasa lafiya kawai. Gwamnatin Ingila ta ɗan karkata ga haka a farkon watan Maris, sa'an nan da aka lissafa mata yawan gawarwakin da za a ɗauka sai ta kulle ƙasar ran 23 ga watan. A watan Oktoba wasu shaihunnan malamai uku daga jami'o'in Harvard da Oxford da Stanford suka fito da takarda suna kare wannan ra'ayi, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce barin cuta ta yi yawo da gangan ya saɓa wa ɗa'ar aikin likita. Ni a ganina masu takardar sun yi gaskiya a kan wahalar da kulle ke jawo wa talaka da 'yan makaranta. Amma shawararsu ba ta da wurin zama a gidajenmu, inda kaka da jika suke kwana ɗaki guda suna ci a kwano guda. Da wane ɗaki za ka killace tsoho?

Sai dai ita ma dokar kulle ba a ɗinka ta da awonmu ba. Ku tuna tun ran 1 ga watan Fabrairu na wannan shekara Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba da keke a manyan sassan birni, samarinmu da yawa suna zaune ba aiki. Ran 30 ga watan Maris Gwamnatin Tarayya ta kulle Legas da Ogun da Abuja, ba a sassauta ba sai ran 4 ga watan Mayu. An ce kowa ya zauna gida. Mai albashi ya zauna, albashinsa na shiga. Mai ruwa fa, da mai shayi, da ɗan dako, da mai gyaran takalmi, da mai yankan farce, waɗanda abincin darensu ke cikin cinikin rana? An ce a ba da tazara. A ɗakin da mutum goma ke kwana bi da bi, ina tazarar? An ce a wanke hannu a kai a kai, a unguwar da ake sayen ruwa da jarka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a cikin mako biyu na farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasar, adadin da ya fi na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. A watan Oktoba kuwa jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Ikko da Jos da wasu garuruwa suka tarar da kayan abincin tallafi jibge, wata shida bayan yunwar kulle.

Mu kuma aka ƙara mana da wani tabo. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka riƙa tare manyan motoci a kan iyakokin jihohin kudu ana fito da samarin Arewa daga cikin buhuna da dabbobi ana nuna su a talabijin kamar su ne annobar. A can gida gwamnoni suka riƙa kwasar almajirai suna mayar wa juna, wasu yaran kuwa da aka auna su a inda aka sauke su aka same su da cutar. Watau da hannun hukuma aka raba ta. Duk da haka kada fushi ya sa mu ce babu cutar. A watan Afrilu 2020 masu haƙa kabari a Kano suka gaji, manyan malamai da dattawa suka yi ta tafiya a jere. Daga baya Ministan Lafiya ya ce kusan mutum 1,000 suka rasu a 'yan makonnin nan, kuma bincike ya nuna rabi ko fiye Korona ce sanadinsu. A cikinku akwai waɗanda aka yi wa waya aka ce mahaifi ya cika, ba su sami hanyar zuwa jana'iza ba.

Game da rufe masallatai, wanda ya fi komai zafi, malamai na zaune, ba zan shiga gonarsu ba. Zan tuna muku kawai cewa zamanin Halifa Umar, Allah ya yarda da shi, ya kama hanyar Sham, da labari ya iske shi cewa annoba ta faɗa can sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. A 2020 kuma masu kula da Harami da kansu suka dakatar da Umra, aikin Hajji aka taƙaita shi ga 'yan ƙalilan mazauna ƙasar, maniyyatanmu ba su sake tafiya ba sai 2022. Har wa yau ban taɓa ganin maniyyacin da ya fasa Hajji don an ce sai ya yi allurar sanƙarau da ta shawara ba. Kowa yakan miƙa hannu a sansanin alhazai ya karɓi katinsa.

Na ce zan komo kan Ogoja. A watan Yuli 2014 wani mutum ya sauka a filin jirgin saman Ikko daga Laberiya ɗauke da Ebola, aka kai shi wani asibiti a Obalende. Ya matsa sai ya fita, likita Stella Adadevoh ta hana shi, ita kuma ta kamu ta rasu, da wasu abokan aikinta. Hukuma ba ta kulle birnin ba. Ma'aikatan da suka ƙware a yaƙin shan-inna aka ɗauko, suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu ciwon a Ikko da Fatakwal, suna duba su kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga watan Oktoba aka ce ƙasar ta tsira. Jita-jita ma ta ci nata rabon, gama a cikin dare ɗaya aka tashi rabin ƙasar nan ana wanka da ruwan gishiri ana sha, har wasu suka mutu. Na sani Korona ta fi Ebola wuyar kamawa, domin mai ita yana yaɗa ta tun bai san yana da ita ba. Amma darasin Ogoja da na Obalende ɗaya ne: ƙuri ɗan ƙarami da aka yi da wuri a daidai wurin wuta ya fi sauƙi ga talaka. In kuwa ya zama tilas a kulle gari, to abinci ya riga doka isa ƙofar gida, kuma a raba shi ta hannun shugabannin da suka san wanda ke kwana a kowane shago. Wannan shi ne abin da ya kamata sarakunanmu su nema a rubuce daga ƙananan hukumomi tun yanzu da ake zaune lafiya.

Allurar Korona kuwa, a kanta ma jami'ai sun yi alkawarin da ya wuce saninsu. Ta iso Abuja ran 2 ga watan Maris 2021, kusan miliyan 4, bayan ƙasashe masu arziki sun riga sun kwashe nasu. A watan Disamba aka lalata fiye da miliyan 1 da aka ba mu dab da lalacewarta. An ce mana in an yi wa mutane da yawa cutar za ta tsaya. Ba ta tsaya ba, domin ƙwayar ta riƙa sauya kama, garkuwar kuma tana raguwa da watanni. Abin da allurar ta yi, kuma ta yi shi sosai, shi ne rage kwanciya asibiti da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini. Da haka aka faɗa tun farko, da ba a ba masu shakka makami ba. Tilastawa ma ban ga ta yi amfani ba. Mutanenmu na Binin za su tuna a 2021 Gwamnatin Edo ta ce ba mai shiga banki ko wurin ibada sai da katin allura, maganar ta kai kotu, 'yan damfara kuma suka sami kasuwar katin jabu. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin Korona. Abin da ya rage mana shi ne illar da ta bari, watau uwar da ta ji ƙarya a kan allura ɗaya ta ɗauke ƙafa daga dukkansu, har da ta ƙyanda wadda aka shekara fiye da hamsin ana yi wa yaran ƙasar nan.

Roƙona ga sarakuna da shugabannin kasuwa kaɗan ne. Kowane zango ya san asibitin gwamnati mafi kusa da shi da ranar da ake yin allura a can. A samo mace ɗaya ko biyu masu jin Yarbanci ko Turanci su riƙa raka matanmu, domin sau da yawa abin da ke korar mace ba tsoron allura ba ne, tsawar da ake daka mata ne cikin harshen da ba ta ji. In an wulaƙanta wata, sarki ya je da kansa ya ga shugaban asibitin. Magidanta kuma, ku ne masu ba da izini da kuɗin mota. Ku sani ana yi ne ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15, kuma a asibitin gwamnati kyauta ne bisa doka. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da kumburin cinya bayan allura abu ne da aka sani. In ya wuce haka a koma asibiti a faɗa. Katin yaro ya riƙa tafiya tare da shi: in uwa za ta je wankan gida a Arewa a sa mata shi cikin kaya, gama allurar da aka fara a Mushin ana iya ƙarasa ta a Malumfashi, ba sai an koma farko ba. Wanda kuma aka kawo masa yaro daga ƙauye, almajiri ne ko ɗan riƙo, ya tambayi katinsa ranar da ya sauka.

Na ga Sarkin Fawa yana ta gyara zama tun sa'ad da na ambaci bushiya, na kuma san iyayenmu mata suna da tambayoyi a kan zancen haihuwa. Ga ni nan har la'asar. Duk mai tambaya ya tashi ya yi ta a fili, ko wace iri ce.